Yadda za ka mayar da zane zuwa hoton da ya dace da shafin intanet, ba tare da fayil ɗin ya bar kwamfutarka ba

Fayil ɗin da mai zane yake aiki a kansa daban, hoton da shafin intanet yake buƙata daban. Na farkon an yi shi ne don a riƙa gyara: leya kan leya, rubutun da ake iya sauyawa, launin da aka auna don injin ɗab'i, faɗi da tsayin da za su cika fosta. Na biyun aikinsa ya buɗe da sauri a wayar mutum, ya fito tsaf, kuma kada ya cinye masa data. Idan aka ɗauki na farkon aka ɗora a shafi yadda yake, mai karatu ne zai zauna yana kallon farin fili yana jira, wani ma ya gaji ya fita kafin hoton ya iso.

Abin da mutane da yawa suke yi shi ne su nemi wani shafin sauya hoto na kyauta, su loda fayil ɗin, su sauke sakamakon. Wannan hanya ba ta kwanta mini ba. Tambarin kamfanin da ba a ƙaddamar ba tukuna, tallar da ke ɗauke da sanarwar da ba a kai ga fitarwa ba, hoton ma'aikata ko na yara, duk amana ce a hannunka, kuma da zarar fayil ya hau sabar wani, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsa, ba ka da ikon sanin tsawon lokacin da zai zauna a can ko wanda zai buɗe shi. Ga shi kuma babu larurar yin haka. Tun 2017 manyan burauzoji, wato manhajojin buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox, suka fara karɓar WebAssembly, fasahar da ke ba su damar tafiyar da manhajojin matse hoto irin waɗanda a da sai an girka a kwamfuta. Yau burauzar da ke gabanka za ta yi dukan aikin da ƙarfin na'urarka.

Da farko, tabbatar da cewa aikin a cikin burauzar ake yin sa

Kowane shafi zai iya rubuta cewa ba ya ɗaukar fayil ɗinka. Gani ya kori ji, don haka ka gwada da kanka. Buɗe shafin, ka ba shi hoton da ba ka damu da shi ba, ka sauya shi zuwa irin tsarin da kake so sau ɗaya, domin wasu shafukan ba sa sauko da injin matsewar sai an buƙace shi. Daga nan kashe intanet ɗin gaba ɗaya, ka jefa masa wani hoton. Idan ya sauya shi ya ba ka, a cikin na'urarka ake aikin. Idan ya tsaya cik, wani wuri yake aikawa.

Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan zurfi. A Chrome, Edge ko Firefox na kwamfuta, danna F12, ka shiga ɓangaren Network, sannan ka jefa hoton kana kallo. Shafin da ke loda fayil zai nuna wani saƙo mai fita, galibi mai alamar POST, wanda nauyinsa ya kai na hotonka. Ƙananan saƙonni na ƙididdigar masu ziyara ba su ne abin tsoro ba. Squoosh, manhajar da zan fi dogara da ita a nan, ta faɗa a fili cewa tana tattara irin wannan ƙididdigar, har da nauyin hoto kafin matsewa da bayanta, amma hoton kansa ba ya fita. Ma'aikatan Chrome na kamfanin Google ne suka fitar da ita a 2018, kyauta ce, kuma lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga duk mai son dubawa.

Fitar da kwafi mai tsabta daga fayil ɗin zanen

Burauza ba ta karanta PSD ko AI, wato fayilolin manhajojin zane na Photoshop da Illustrator, da kanta, don haka sai ka fara samun hoto shimfiɗaɗɗe, wanda aka haɗe leyoyinsa wuri ɗaya. Idan mai zanen yana kusa, ka roƙe shi abu ɗaya: PNG mai cikakken girma, a tsarin launi na sRGB. Idan PSD kawai ya turo, Photopea, wata manhajar gyaran hoto, tana buɗe shi a cikin burauza, ita ma a na'urarka take aikin. Ka buɗe fayil ɗin, ka shiga File, sai Export as, sai PNG. Kada ka taɓa leyar rubutu idan ba ka da irin harafin da mai zanen ya yi amfani da shi, domin da ka fara gyara za a musanya maka shi da wani, zanen ya canza kama. A Figma kuwa, manhajar zane ta intanet, zaɓi abin da kake so ka fitar da shi PNG a 2x, wato ninki biyu na girmansa. Sai dai shi Figma fayil ɗinsa dama a sabar kamfanin yake zaune, wannan shawara ce da aka riga aka yanke tun kafin aikin ya zo hannunka.

Me ya sa PNG a wannan matakin? Saboda ba ya zubar da komai. JPEG duk lokacin da aka adana shi sai ya yar da wani abu daga cikin hoton, kuma abin da ya yar ba ya dawowa. Matse hoton da aka riga aka matse kamar yi wa fotokwafi fotokwafi ne, kowane zagaye sai dattin ya ƙaru. Matsewa mai asara sau ɗaya ake yin ta, a ƙarshe, daga kwafi mai tsabta. Wannan kwafin ka ajiye shi a folda ta daban, kada ka taɓa adana wani abu a kansa.

Maganar launi tana buƙatar a ɗan tsaya. Zanen da aka shirya don ɗab'i yawanci a CMYK yake, wato tsarin tawada huɗu. Allo kuwa da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, kuma ma'aunin da intanet ta ginu a kansa shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. Idan JPEG na CMYK ya shiga burauza kai tsaye, launin kan iya fitowa ba daidai ba, koren ya yi tsanani ko baƙin ya yi fari-fari. Haka hoton da aka adana a Adobe RGB sannan bayanin launinsa ya ɓace a hanya, sai ya fito a dushe. Maganin shi ne a sauya zuwa sRGB tun a manhajar zanen, inda mai zanen zai ga sakamakon da idonsa. A Photoshop, tagar Export As tana da akwatin Convert to sRGB, a tabbata an yi masa alama. Launin tambari musamman, ka nemi lambarsa ta allo daga mai shi, kada ka bar wa manhaja ta yi maka hasashe.

Rage faɗi da tsayi kafin komai

Nan ne mafi yawan nauyin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa, domin hankalin kowa yana kan wane tsari ya fi wani. Takardar A4 da aka shirya don ɗab'i a ɗigo 300 kowane inci tana da pikisal 2480 a faɗi, 3508 a tsayi, kusan pikisal miliyan 8.7 ke nan. Idan ka mayar da faɗin 1200, tsayin zai koma 1697, jimilla kimanin miliyan 2. Sama da kashi uku cikin huɗu na pikisal ɗin sun tafi tun ba ka taɓa maɓallin matsewa ba. Hoton kyamara mai 6000 da 4000 kuma, idan ya koma 1600 a faɗi, abin da ya rage kimanin kashi 7 cikin 100 ne. Babu wani sabon tsarin hoto da zai ba ka irin wannan ragin shi kaɗai.

Tambayar ita ce wane faɗi. Ka je shafin da hoton zai zauna, ka danna dama a kan gurbin, ka zaɓi Inspect, burauzar za ta nuna maka faɗinsa. Sai ka ninka shi biyu, saboda allon yawancin wayoyi da sabbin kwamfutoci yana cusa pikisal biyu ko uku a inda tsohon allo yake sa ɗaya. Gurbi mai faɗin 600 yana son hoto mai 1200. Ninki uku ba na ganin amfaninsa ga hoton kyamara, ido da ƙyar yake bambance shi da ninki biyu, adadin pikisal kuwa ya ninka fiye da sau biyu. Hoton da zai cika allo daga gefe zuwa gefe, tsakanin 1600 da 2000 ya wadatar a mafi yawan shafuka.

Lambar nan ta 72 ko 300 da ake rubutawa a cikin fayil, burauza ba ta aiki da ita wajen nuna hoto a shafi. Umarni ne ga firinta. Adadin pikisal ne kawai abin lura. Kuma kada ka ƙara wa ƙaramin hoto girma, babu abin da za ka samu sai nauyi da dishi-dishi.

A Squoosh, jefa PNG ɗinka a tsakiyar shafin. A akwatin dama ka kunna Resize, ka rubuta faɗin, ka bar alamar da ke kan Maintain aspect ratio don tsayin ya bi da kansa. Hanyar ragewa da take zuwa da ita, Lanczos3, ka bar ta yadda take.

Dubi abin da ke cikin hoton, shi zai faɗa maka tsarin

Tambari, alama, taswirar layuka, duk abin da aka zana da layi da lanƙwasa: SVG. Wannan tsari, wanda hukumar W3C ta amince da shi a 2001, ba pikisal yake adanawa ba, bayanin siffofi yake adanawa, don haka fayil ɗaya zai fito da kaifi a ƙaramar waya da babban allo. Kada ka mayar da irin wannan zanen PNG sai dole. Ka sa mai zanen ya mayar da rubutun cikinsa siffofi kafin ya fitar, in ba haka ba na'urar da ba ta da harafin za ta sa nata. Sannan ka wuce da shi ta SVGOMG, wadda Jake Archibald ya gina a kan SVGO, ita ma a burauza take aiki. Za ta share tarkacen da manhajojin zane suke bari. Ka ja sandar Precision ƙasa a hankali har sai ka ga lanƙwasa ta fara karyewa, sai ka koma baya taki ɗaya. Ka tabbata ba a cire viewBox ba, domin shi ke sa zanen ya miƙe ko ya tsuke daidai da gurbinsa. Idan kuma SVG ya zo maka da nauyin ɗaruruwan KB, buɗe shi da manhajar rubutu ka nemi kalmar base64. In ka same ta da dogon jerin haruffa a bayanta, hoton pikisal ne aka cusa a ciki, sunan SVG kawai yake ɗauke da shi.

Hoton kyamara, ko zanen da ke da inuwa da launuka masu narkewa cikin juna: WebP ko AVIF, da JPEG a matsayin madogara. JPEG tun 1992 yake, kuma babu na'urar da ba ta san shi ba. WebP na Google ne, ya fito a 2010, amma sai a 2020 Safari 14 ya karɓe shi, daga nan ne ya zama abin da za a iya sawa ba fargaba. Ta ƙididdigar Google ɗin, WebP mai asara ya fi JPEG mai irin ingancinsa sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100, mara asara kuma ya fi PNG sauƙi da kashi 26. AVIF ya fito daga fasahar bidiyo ta AV1. Chrome ya karɓe shi a 2020, Firefox a 2021, Safari a 2022. Sau da yawa ya fi WebP matsewa, musamman idan ana son fayil ƙarami ƙwarai, amma yana ɗaukar lokaci wajen haɗawa, kuma yana da halin goge ƙananan bayanai, saƙar yadi ko ramukan fata su koma sumul. Idan tsari ɗaya kawai za ka iya ɗauka, ɗauki WebP. Iyakarsa pikisal 16383 a kowane gefe, abin da ba zai dame ka ba in ka bi matakin da ya gabata.

Hoton allo, jadawali, zane mai shimfiɗaɗɗen launi da rubutu ƙanana: PNG ko WebP mara asara. Abin da ba shi da bango, wanda ake son launin shafi ya riƙa fitowa ta bayansa: WebP, AVIF ko PNG. JPEG bai san wannan ba sam, zai cike wurin da launi, sau da yawa baƙi.

Matsewar kanta

Squoosh tana raba allo biyu, asali a hagu, sakamako a dama, da sanda a tsakiya da ake ja. A ƙasan akwatin dama ka zaɓi WebP. Za ka tarar da Quality a 75. Kada ka yarda da lambar haka kawai, kada kuma ka yanke hukunci daga hoton da aka tsuke don ya shiga allo. Ka kai girman kallon zuwa kashi 100, sannan 200, ka ja hoton zuwa wuraren da matsewa ta fi yi wa ɓarna.

Wuraren nan sanannu ne. Bakin harafi, inda wani ƙura-ƙura yake taruwa kewaye da rubutu. Sararin sama ko bango mai launin da ke sauyawa a hankali, inda santsin yake karyewa ya koma layi-layi. Inuwa mai duhu, inda ƙananan murabba'ai suke bayyana. Gashi, ciyawa da saƙa, inda bayanai suke narkewa. Sai fuskar mutum, wadda ido ya fi saurin gane an taɓa ta. Ka sauke Quality da biyar-biyar, kowane sauki ka ja sandar tsakiya ka dawo da ita a kan waɗannan wuraren, kana duba nauyin da ke ƙasan akwatin. Inda ka fara ganin bambanci ba tare da ka ƙura ido ba, ka koma sama taki ɗaya ka tsaya. Ga hoton kyamara, sau da yawa wurin tsayawar yana tsakanin 70 da 82, amma kowane hoto da nasa. Kuma lambobin ba sa tafiya daga tsari zuwa tsari: 50 a AVIF ba ɗaya ba ne da 50 a JPEG. In kana son kwatanta biyu, ka sauya akwatin hagu daga asali zuwa AVIF, ka bar WebP a dama, ka daidaita su har nauyinsu ya zo ɗaya, sannan ka ga wanda ya fi kyau a idonka.

Ga wani abu da ke ba masu zane haushi, kuma da dalili. Ɗauki talla mai jan rubutu siriri a kan shuɗin bango. A asali bakin kowane harafi kamar an yanka da reza. Bayan an mayar da ita WebP, ko da Quality ya kai 90, sai ka ga jan ya ɗan zubo waje, harafin ya yi kauri, launin ya dushe. Dalilin shi ne idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka waɗannan tsare-tsaren suke adana hasken kowane pikisal amma su haɗa pikisal huɗu su ba su launi ɗaya. Ana kiran wannan 4:2:0. A hoton kyamara ba a lura, a jan rubutu kuwa nan take ake gani. WebP mai asara ba shi da wata hanya sai wannan, ƙara Quality ba zai warkar da shi ba. Abin da za ka yi: buɗe Advanced settings ka kunna zaɓin da ke ɗauke da kalmar Sharp, yana rage zubar sosai. In bai isa ba, koma AVIF ka sa Subsample chroma a 4:4:4, ko MozJPEG, wato zaɓin JPEG na Squoosh, ka kashe haɗa launin. In zanen launuka kaɗan ne, bar mai asara gaba ɗaya ka kunna Lossless, wato mara asara. Abin da ya fi duka, idan kana da iko da shafin, shi ne a cire rubutun daga hoton a rubuta shi a shafin kansa. Zai fi kaifi, injin bincike zai karanta shi, makaho mai amfani da manhajar karanta allo ma zai ji shi.

Ga zane mai shimfiɗaɗɗen launi akwai dabarar da ake mantawa da ita. Kunna Reduce palette, wanda ke taƙaita launukan zuwa 256 ko ƙasa da haka. Jadawali mai launi shida ba ya buƙatar miliyoyin launuka. Sauke adadin zuwa 64, ko 32, kana kallon bakin siffofi. Idan babu inuwa a zanen, kai Dithering sifili, domin ɗige-ɗigen da yake yayyafawa suna ƙara nauyi. Sannan ka fitar da shi da OxiPNG, wato zaɓin PNG na Squoosh, ko WebP mara asara. Sau da yawa sakamakon yakan fi JPEG sauƙi, ya kuma fi shi tsabta nesa ba kusa ba.

Sandar Effort ba ta taɓa ingancin da ka zaɓa, lokaci kawai take ci don ta samo fayil mafi ƙanƙanta. Hoton da za a matse sau ɗaya a sauke shi sau dubbai ya cancanci a jira shi. A AVIF dai ka yi haƙuri, tsohuwar kwamfuta za ta ɗan yi nishi.

Idan shafin ya daskare ko ya rufe kansa, yawanci ƙwaƙwalwar na'urar ce ta cika. Burauza tana warware hoto gaba ɗaya kafin ta yi aiki a kansa, kowane pikisal bayit huɗu. Hoto mai 6000 da 4000, ko da fayil ɗinsa MB 8 ne, a warware MB 96 ne, kuma manhajar tana riƙe kwafi fiye da ɗaya. Manyan fayiloli a kwamfuta ake yin su, ba a waya ba. Hoton iPhone mai ƙarshen HEIC kuma Chrome ba ya buɗe shi. Ka buɗe shi a Safari na zamani, ko ka fitar da shi JPEG daga wayar tukuna.

Idan hotunan suna da yawa

Squoosh ɗaya-ɗaya take karɓa. Ga hotuna masu yawa iri ɗaya, kana iya haɗa naka kayan aikin da 'yan layuka. Buɗe manhajar rubutu, ka zuba wannan, ka adana shi da suna sauya.html, ka buɗe shi da Chrome ko Edge:

```
<input type="file" id="zabi" accept="image/*" multiple>
<script>
const FADI = 1600;
const zabi = document.getElementById("zabi");
zabi.onchange = async () => {
  for (const fayil of zabi.files) {
    const hoto = await createImageBitmap(fayil);
    const kaso = Math.min(1, FADI / hoto.width);
    const allo = document.createElement("canvas");
    allo.width = Math.round(hoto.width * kaso);
    allo.height = Math.round(hoto.height * kaso);
    const alkalami = allo.getContext("2d");
    alkalami.imageSmoothingQuality = "high";
    alkalami.drawImage(hoto, 0, 0, allo.width, allo.height);
    const sabo = await new Promise(r => allo.toBlob(r, "image/webp", 0.8));
    const mahada = document.createElement("a");
    mahada.href = URL.createObjectURL(sabo);
    mahada.download = fayil.name.replace(/\.[^.]+$/, "") + "." + sabo.type.split("/")[1];
    mahada.click();
    hoto.close();
  }
};
</script>
```

Lambobi biyu ne naka: 1600 shi ne faɗi mafi girma, 0.8 kuma inganci, daga 0 zuwa 1. Hoton da bai kai faɗin ba ba za a ƙara masa girma ba. Burauzar za ta tambaye ka ko ka yarda a sauke fayiloli da yawa, ka amsa mata. Babu layi ko ɗaya a ciki da ke magana da intanet, kana iya kashe ta ka gani.

Ka lura da yadda aka samo ƙarshen sunan fayil ɗin daga abin da burauzar ta fitar, ba daga abin da aka roƙa ba. Da gangan ne. Ƙa'idar ita ce idan burauza ba ta iya haɗa tsarin da aka nema ba, sai ta ba da PNG ba tare da ta ce uffan ba, kuma Safari ya daɗe yana nuna WebP amma ba ya haɗa shi ta wannan hanyar. Da an lanƙaya wa fayil ɗin sunan webp da ƙarfi, da ka tashi da PNG mai nauyi a cikin rigar da ba tasa ba. Idan ka sauya layin zuwa image/jpeg, ka fara shafe allon da fari kafin a zana hoton, in ba haka ba duk inda babu bango zai fito baƙi ƙirin.

Wannan hanyar ba ta kai Squoosh iya rage girma da kyau ba, kuma ba ta ba ka damar duba kowane hoto. Na fi son ta ga tarin hotunan kaya ko na taro. Babban hoton saman shafi da duk abin da ke da rubutu, da hannu nake so a yi su. Wata fa'ida da hanyoyin biyu suke da ita: sabon fayil ɗin ba ya ɗauke da bayanan EXIF na asali, waɗanda a hoton waya kan haɗa da ranar ɗauka, irin wayar, har da daidai wurin da aka tsaya. Amma sunan mai hoto da bayanin haƙƙin mallaka su ma suna tafiya tare da su, don haka in ana buƙatarsu sai a rubuta a shafin.

Suna, da ɗorawa a shafi

Sunan fayil ya zama da ƙananan haruffa, babu tazara, babu ƙugiya, da faɗin a ƙarshe: tallar-bazara-1200.webp. Idan ka haɗa tsari fiye da ɗaya, ka bar burauza ta zaɓa:

```
<picture>
  <source srcset="talla-1200.avif" type="image/avif">
  <source srcset="talla-1200.webp" type="image/webp">
  <img src="talla-1200.jpg" width="1200" height="800" alt="Bayanin abin da ke cikin hoton">
</picture>
```

Daga sama take farawa, ta ɗauki na farkon da ta gane, ta bar sauran ba ta sauke su ba. Faɗi da tsayin da aka rubuta suna sa ta tanadi gurbin tun hoton bai iso ba, rubutu ba zai yi tsalle a hannun mai karatu ba. Hotunan da ke can ƙasan shafi ka ƙara musu loading="lazy", amma ban da na saman, wanda ake so ya fito nan take. Masu amfani da WordPress, manhajar gina shafi, ba sa buƙatar rubuta komai: yana karɓar WebP tun fitowa ta 5.8 a 2021, AVIF kuma tun 6.5 a 2024, muddin sabar tana da kayan aikin. SVG ne ba ya karɓa sai an ƙara masa wani abu, saboda fayil ɗin yana iya ɗaukar umarnin da zai cutar da shafi, don haka kada ka ɗora SVG da ba ka san tushensa ba.

Wuri biyu ka tsaya a kan JPEG ko PNG. Hoton da za a saka cikin imel, domin wasu manhajojin imel, musamman tsohon Outlook na kwamfuta, ba sa nuna WebP. Sai hoton da ke fitowa idan an tura adireshin shafi a Facebook ko WhatsApp, wanda aka saba yi 1200 da 630.

Bayan ka ɗora, buɗe shafin, danna F12, shiga Network, tace da Img, ka sabunta. Dubi nau'i da nauyin abin da ya sauko a zahiri, domin wasu manhajojin shafi suna sake matse hoto ko su yanka nasu girman, kuma mai yiwuwa abin da mai karatu yake samu ba shi ne ka ɗora ba. In ka ga haka, ka nemi saitin ingancin hoto na shafin ka ɗaga shi, ko ka ba shi kwafi mai inganci sosai ya yi matsewar shi kaɗai. A wannan tagar akwai inda ake rage gudun intanet da gangan, ka sa shi a 3G ka sake sabuntawa. Daga nan ka buɗe shafin a waya ta gaske, ka kai hasken allon ƙarshe, ka duba wurare masu duhu na hoton, domin murabba'an da suka ɓuya a allon kwamfuta a nan suke fitowa.